Idan Ɗan'uwanka Ya Nemi Kwangila a Gandun Dajin da Kake Aiki

Gandun daji ba a cikin birni yake ba, kuma daga nan matsalar take farawa. Hedikwatar Gashaka-Gumti tana Serti, ta Kamuku tana Birnin Gwari, ta Tafkin Kainji tana Sabuwar Bussa, Yankari kuwa yana can ƙasar Alkaleri a Bauchi. A garin bakin daji masu gireda da tifa ba su da yawa. Gidan man da zai iya ba ofis dizal kafin a biya shi sananne ne, haka ma makanikin da ya iya gyaran Hilux. Ma'aikaci ya daɗe a wurin, ya yi aure a garin, ya aurar da ƙanwarsa a garin, to wane ɗan kwangila ne zai zo wanda babu wata igiya da ta haɗa su? Ko suruki ne, ko maƙwabci, ko wanda suke sahu ɗaya a masallaci.

Na yi aikin sito, daga baya na koma ɓangaren kuɗi a wani gandun daji har na yi ritaya, kuma na daɗe ni ne mai rubuta bayanin zaman kwamitin kwangila. Yawancin waɗanda na ga sun shiga uku a kan wannan magana ba ɓarayi ba ne. Mutane ne da suka san ɗan'uwansu yana cikin masu nema, suka ce ai kowa ya sani, suka yi shiru, suka sa hannu. Amma ranar da mai bincike ya zo daga Abuja, abin da ke cikin fayil kawai yake karantawa, ba ya tambayar abin da 'yan gari suka sani. Shi ya sa na rubuta wannan domin malamin daji, da mai sito, da akanta, da injiniyan ayyuka, da duk wanda takardar kwangila ke bi ta teburinsa.

Ka fara da sanin nauyin da ke kanka. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999, wato kundin ɗa'ar ma'aikata, ya buɗe ne da cewa kada ma'aikacin gwamnati ya sa kansa a inda buƙatarsa ta ƙashin kai za ta ci karo da aikinsa. Ya kuma hana mai aikin gwamnati na dindindin tafiyar da kasuwanci ko kamfani, in ban da noma. Wannan ya hau kan kowa, ko albashinka daga tarayya yake fitowa ko daga jiha. Dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, ta shekarar 2000, ta fi zafi. Sashe na 12 ya yanke shekara bakwai a gidan yari ga ma'aikacin da, da saninsa, yake da rabo kai tsaye ko a fakaice a kwangilar da ta shafi ma'aikatar da yake aiki. Sashe na 19 kuma ya yanke shekara biyar ba zaɓin tara ga wanda ya yi amfani da kujerarsa ya fifita kansa, ko danginsa, ko abokin hulɗarsa. Sai dokar sayayya ta gwamnatin tarayya ta 2007, wadda hukumar BPP ke kula da ita: jami'in da ya karya ta, aƙalla shekara biyar ce ba zaɓin tara, da kora daga aiki. Idan gandunku na jiha ne, kamar Yankari da ya koma hannun Bauchi a 2006, to ka nemi dokar sayayya ta jiharku ka karanta, domin ita ce za ta faɗi matakan da za ku bi.

Yanzu ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka: a cikin masu neman aiki a gandun nan, wa nake da ruwa da tsaki a harkarsa? Kada ka tsaya kan kamfanin da ke ɗauke da sunanka. Wannan a fili yake, kuma ba shi da magani sai ka cire hannunka gaba ɗaya, a kuma gyara takardun a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Wani yakan ce ya bar kamfanin tun da daɗewa, alhali sunansa na nan daram a jerin daraktoci saboda ba wanda ya je ya cire shi. Ka duba da idonka. Haka kuma kamfanin da ka buɗe da sunan matarka ko ɗanka, kai ne ke juya shi, naka ne. Kundin ɗa'ar ma'aikata ya ce abin da ka yi ta hannun wakili kamar kai ka yi shi da hannunka.

Inda mutanen kirki suka fi zamewa shi ne ƙananan hanyoyi. Kana da tifa, ɗan kwangilar da ya samu aikin gyaran hanyar daji ya ɗauke ta haya. Matarka tana da wurin buga bulo, wanda zai gina ɗakin masu gadi ya sayi bulo a wurinta. Ka ba ɗan kwangila rancen kuɗin fara aiki, a kan in an biya shi zai mayar maka da ɗan abin goro. Ga kuma wadda na fi jin gardama a kanta, wato noma. Wani zai ce maka doka ta halatta masa noma, don haka ba laifi ya sayar wa ofis masarar da za a ba masu sintiri. Nomanka halal ne, ka kai kasuwa ka sayar wa wanda ka so. Amma da zarar ofishin da kake aiki ne mai saye, ko ka bi ta hannun wani ya kawo buhunan, ka shiga cikin kwangilar ma'aikatarka.

Idan kuwa kamfanin na ɗan'uwanka ne da gaske, da guminsa ya kafa, ba ka da ko sisi a ciki, to kasancewarsa ɗan'uwanka bai kore shi daga neman abincinsa ba. Kai ne za ka matsa gefe. Kuma matsawar da takarda take farawa.

Ka rubuta wa shugaban gandu wasiƙa tun ranar da ka ji labari, kafin a buɗe takardun masu nema. Sashe na 57 na dokar 2007 ya ce a bayyana nan take, ko da alaƙar ba ta kai ga cin karo ba tukuna, ana dai ganin za ta iya kaiwa. Ba sai ta yi tsawo ba. Abin da za ta ƙunsa bai wuce haka ba: ni wane, mai muƙami kaza, ina sanar da cewa mai kamfani kaza da ke neman aikin gyaran hanya daga ƙofar gandu zuwa sansani kaza ƙanin matata ne, ba ni da hannun jari a kamfanin kuma ba na karɓar komai daga gare shi, ina neman a cire ni daga duk wani mataki na wannan aiki. Ka sa kwanan wata, ka yi kwafi biyu, ka kai wurin masu karɓar wasiƙu su buga maka hatimin karɓa a kan naka. Naka ɗin nan ka kai shi gida, kada ka bar shi a durowar ofis. Doka ta ce a adana takardun kwangila shekara goma, kuma ana iya tono magana bayan an yi maka canjin wurin aiki, shugaban da ka gaya wa da baki ya yi ritaya ko ya rasu.

Shi ma ɗan'uwan naka akwai nasa nauyin. Sashe na 16 na dokar sayayya ta 2007 ya wajabta wa mai neman kwangila ya haɗa da takardar rantsuwa da ke faɗin ko akwai wani jami'in kwamitocin hukumar da yake darakta ne a kamfaninsa, ko ya taɓa zama, ko yake da hannun jari ko wani amfani na kuɗi. Yawancin 'yan kwangila kwafin ta wani suke ɗauka su canza suna ba tare da sun karanta ba. Ka ce masa ya karanta, ya rantse a kan gaskiya.

Matsawa gefe ba fita daga ɗakin taro na minti goma ba ce. Na sha ganin mutum ya miƙe ya fita lokacin da za a yanke hukunci, alhali shi ya rubuta sharuɗɗan aikin tun farko, ya sa irin injin da mutum ɗaya ne kawai yake da shi a yankin. Kwangila doguwar hanya ce: wani ya ce ana buƙatar aikin, wani ya ƙiyasta kuɗinsa, wani ya rubuta sharuɗɗa, a tallata, a buɗe takardu, a tantance, a bayar, a duba aikin, a karɓi kaya a sito, a rubuta bauca, a biya. Ka fita daga dukkansu. Kada ka leƙa ƙiyasin kuɗin, kada ka tambayi abokin aikinka ina aka kwana, kada ka je ofishin akanta ka ce a taimaka a fitar da baucan wane. Ka tabbata mai rubuta bayanin zama ya rubuta cewa ka bayyana alaƙarka kuma ka fita, da sunan wanda ya maye gurbinka. In kai kaɗai ne injiniya a gandun, a nemo wani daga hedikwata ko daga ma'aikatar ayyuka. Zai jawo jinkiri, na sani, kuma za a yi ƙorafi. A yi jinkirin.

Abin da ya fi wuya ba a ofis yake ba, a zaure yake. Bayan sallar isha'i kawunka zai aiko a kira ka, ya ce, "Ɗana, ga aiki ya fito a wurinku, ga ƙaninka yana zaune ba abin yi. Ba mu ce ka yi sata ba, farashin da gwamnati ta sa kawai za ka faɗa masa." Kada ka raina wannan magana, domin shi a ganinsa zumunci yake nema, kuma mai yiwuwa shi ya biya maka kuɗin makaranta. Kada kuma ka ce "to, za mu gani", don wannan alƙawari ne a kunnensa. Abin da na ga yana aiki shi ne ka faɗi gaskiya cikin ladabi, ka nuna masa hatsarin da ke kan yaron kansa. "Kawu, wallahi in na faɗa masa, ni da shi duka muka shiga. Ni kora da ɗauri, shi kuma za a hana kamfaninsa kwangilar gwamnati aƙalla shekara biyar, a ci shi tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin. Na riga na rubuta cewa ƙanina ne, na fita daga maganar. Ya nema kamar kowa, in rabonsa ne ba mai hana shi." Daga nan ka taimaka ta inda aka halatta. Ka nuna masa allon sanarwa da jaridar da aka buga tallar, ka gaya masa ya sabunta takardar shaidar biyan haraji, ya halarci buɗe takardu tunda a bainar jama'a ake yi. Duk abin da za ka iya gaya wa baƙon da ya shigo ofis yana tambaya, shi za ka gaya masa, ba ƙari. Za a yi fushi da kai, wataƙila har a daina gaisawa na wani lokaci. Ban taɓa ganin wannan fushin ya kai zafin na ranar da aka zo aka tafi da mutum a gaban 'ya'yansa ba.

Manyan kwangiloli suna da idanu a kansu. Ƙananan sayayya su ne ba mai kallo: taya, batir, takalman sintiri, kaki, gyaran babur, fentin alluna, abincin masu kwana a daji. A nan doka ta yarda a karɓi takardun farashi daga aƙalla mutum uku da ba su da alaƙa da juna. An taɓa kawo mini takardun farashi uku na tayoyin mota. Sunayen shagunan daban, launin takardun daban, amma duka ukun sun rubuta girman tayar da kuskure iri ɗaya, kuma lambar wayar da ke ƙasan ta biyu ita ce a saman ta uku. Mutum ɗaya ne ya buga su a shagon kwamfuta ɗaya. Idan kai ne mai karɓa, ka jera takardun a tebur ka duba lambobin waya, da adireshi, da sa hannu, da hatimi. Ka kira lambobin. Kuma kada ka taɓa cewa ɗan kwangila "je ka kawo guda uku". Kai ne za ka aika wa shaguna uku. Haka nan kada a yanka aiki ɗaya gunduwa-gunduwa don kowane yanki ya tsaya a ƙasa da adadin da shugaban gandu zai iya amincewa da kansa. Hanya ɗaya da aka mayar kwangila huɗu a wata ɗaya laifi ne mai zaman kansa a sashe na 58 na dokar sayayya ta 2007.

Gaggawa ma ƙofa ce. Ruwa ya cinye kwalbati a watan Agusta, masu sintiri sun maƙale a ƙetare, ko gobara ta tashi da hunturu ana neman tankar ruwa. Doka ta ba da damar a yi sayayyar gaggawa, kuma wani lokaci tankar da ke kusa ta surukinka ce. Kada a bar daji ya ƙone saboda haka. Amma ba kai za ka kira shi ba, ba kai za ka yi cinikin ba, kuma a rubuta dalili da farashi a ranar. Sai dai a yi gaskiya: share layin kare gobara da gyaran hanya bayan damina kowace shekara ake yinsu, an san lokacinsu. Wanda ya jira har ciyawa ta bushe sannan ya ce gaggawa ce, da gangan ya yi.

Duba aiki shi ne matakin da na fi so matasa su riƙe da kyau, domin a daji ba mai wucewa ya gani. In an ce an share layin gobara kilomita ashirin, ka hau mota ko babur, ka rubuta lambar da ke kan mitar tafiya a farko da ƙarshe, ka ɗauki hoto a wurare daban-daban, ka auna faɗin layin. Rijiyar burtsatse kuwa ka tsaya a buga ruwa a gabanka. Kada ka je duba aiki a motar ɗan kwangila, da mansa, ka ci abincinsa, sannan ka dawo ka ce aikin bai yi ba. Bakinka ba zai iya ba. Layin da aka biya kuɗinsa ba a share ba, wuta ce za ta tona shi a watan Janairu, kuma dabbobi da masu gadi ne za su biya.

Maganar kyauta gajeriya ce. Ragon sallah, buhun shinkafa, katin waya, kuɗin mai ranar bikin 'yarka. Kundin ɗa'ar ma'aikata ya ce kyautar da ta fito daga mai kwangila da gwamnati ana ɗaukarta a matsayin ta saɓa doka har sai ka tabbatar da akasin haka. Ya bar maka kyautar dangi da abokai gwargwadon al'ada, amma idan ɗan'uwan yana da fayil a ofishinku, ka roƙe shi ya dakata. Mu Musulmi ma ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah (SAW) ya tambaya me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. In rago ya riga ya shigo gida ba ka nan, ka mayar da shi a ranar tare da shaida, ka sanar da ofis a rubuce.

Gwanjo kuma, na tsofaffin motoci da janareta da babura: idan kana cikin masu ƙiyasta kuɗinsu ko masu sayarwa, ba ka saye, ba ka sa wani ya saya maka, kuma doka ta hana ka cin wani amfani daga kayan har shekara uku bayan gwanjon.

Akwai abin da ba na so a fahimce ni a kai ba daidai ba. Ba wa mutanen ƙauyukan da ke kewaye da gandu aikin kwadago abu ne mai kyau, har ma wajibi ne. Wanda ya samu kuɗin share hanya a daji ya fi saurin kawo labarin mafarauta da masu saran itace. Amma a yi shi a fili. A sanar ta hannun mai unguwa ko dagaci, a liƙa sunayen a inda kowa zai gani, a biya kowa da hannunsa ko ta asusunsa. Malamin daji ɗan garin kada ya zama shi ne mai rubuta sunaye kuma shi ne mai raba kuɗi, domin ko bai saka 'yan gidansu kaɗai ba, sauran gidaje za su ce ya saka, kuma daga ranar sun daina ba gandun haɗin kai.

Idan matsin daga sama yake fa? Maigidanka ya turo fayil ya ce a ba kamfani kaza, kai kuma ka san na ɗansa ne. Kada ka yi masa tsawa a gaban mutane. Ka rubuta a cikin fayil, da ladabi, abin da ka lura da shi da matakin da doka ta ce a bi, ka nemi umarninsa a rubuce. Da yawa daga nan suke janyewa. In ya nace, kada ka sa hannu a kan abin da ka san ba daidai ba ne, don sa hannunka kai za a tambaya. Ma'aikatun tarayya suna da sashen yaƙi da cin hanci na cikin gida da ake kira ACTU, wanda ke aiki da ICPC, ga kuma Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Girman kujera ba ya kare mutum daga wannan zargi. Babachir Lawal yana sakataren gwamnatin tarayya aka cire shi a 2017 kan kwangilar cire ciyawa a Yobe da aka ce wani kamfani mai alaƙa da shi ya amfana. Kotu ta sallame shi a 2022, bayan shekaru yana fama da maganar.

Wani lokaci kuma sai an gama bayar da kwangila kake ganowa. Ka tantance kamfani ba ka san mai shi ba, daga baya ka ga mijin 'yar yayarka a wurin aikin yana ba da umarni, ko ɗan kwangilar ya zo neman auren 'yarka aikin na tsaka. Kada ka ce ai an riga an wuce wurin. Ka rubuta wasiƙar a ranar da ka sani, ka faɗi yadda ka sani da matakan da ka riga ka sa hannu a kansu, ka nemi wani jami'i ya sake duba su. Sauran matakan, wato duba aiki, karɓar kaya da biyan kuɗi, a miƙa wa wani, kuma takardar miƙawar ta shiga fayil ɗin kwangilar da kwanan watanta.